Ra'ayi: Zauren Murya a Cikin Mota, Direba Ya Saurara, Fasinja Ya Yi Magana

Duk mai bibiyar labaran fasaha ya san kamfanonin motoci da na manhajoji sun daɗe suna kokawa a kan wuri ɗaya, wato allon nan da ke gefen sitiyari. Apple ya fito da CarPlay a 2014, Google ya biyo baya da Android Auto wadda ta fara shiga motoci a 2015. Da farko taswira ce da kiɗa da amsa kira. Yanzu abin ya wuce nan. A 2023 Zoom da Webex sun shiga Android Auto domin mutum ya halarci taron ofis yana kan hanya. A shekarar ce kuma Mercedes ya nuna sabuwar E-Class da ake iya saka wa TikTok, ko da yake bidiyon sai mota na tsaye yake buɗewa. Tallar da ake yi mana ita ce, tunda murya ce ba rubutu ba, ai babu wata damuwa: idonka na kan titi, hannunka na kan sitiyari, bakinka da kunnenka kuma na cikin hira da mutanen duniya.

Ni dai ban gamsu da wannan tallar ba. Sana'ata rubuta manhaja ce, don haka ba ƙiyayyar fasaha ke damuna ba. Ra'ayina shi ne, sauraro ya dace da direba, amma duk manhajar da za ta buƙaci ya amsa, ya ɗaga hannu, ya yi musu ko ya tura saƙo, to ta fasinja ce. Mu masu rubuta manhaja a nan gida kuma ya kamata mu gina wannan iyakar a cikin kayanmu tun daga tushe, mu daina barin ta a hannun imanin direba.

Wace ce "mota mai intanet" a Kaduna?

Mu da ke kudancin kogin Kaduna ba baƙin harkar mota ba ne. A Kakuri kamfanin Peugeot Automobile Nigeria, wato PAN, ya fara harhaɗa motoci a 1975, kuma 504 da 505 ɗin da iyayenmu suka ci zamani da su daga nan suka fito. Har gobe akwai mahaɗar da sunan Peugeot ya bi ta. A 2022 kamfanin haɗin gwiwar Dangote da Peugeot ya fara harhaɗa nasa motocin a kan hanyar Abuja, irin su 3008 da 5008, masu manyan alluna da aka yi su domin haɗuwa da waya.

Amma ka je Command Junction ko bakin garejin Television ka tsaya na minti goma, ka ƙirga abin da ke wucewa. Golf ne da Corolla da Vectra da Sharon da Sienna, sai bas-bas na haya da Keke Napep. Mafi yawansu na hannu ne, sun gama rayuwarsu ta farko a Turai ko Amurka kafin su zo mana. Ko waɗanda suka zo da na'urar intanet a jikinsu, akasari ta mutu. A 2022 manyan kamfanonin sadarwar Amurka suka rufe layin 3G, AT&T a watan Fabrairu, Verizon a ƙarshen Disamba, kuma motoci masu ɗimbin yawa da suka dogara da wannan layin suka rasa sabis tun suna can. Maɓallin SOS ɗin da kake gani a saman madubin wata Toyota ado ne kawai a Barnawa. Haka rediyon tauraron ɗan Adam na SiriusXM, an yi shi ne domin Arewacin Amurka, ba ya kamawa a nan.

Ke nan a wurinmu wayar ce mai intanet, motar sifika ce da batir. Tecno ko Infinix ko itel ko Redmi ɗin da ke aljihun direba ita ce komai. Hanyoyin haɗa ta da mota guda uku ne aka fi gani: kebul ɗin aux, ko ɗan abin nan na Bluetooth da ake sokawa a ramin caja ya tura sauti zuwa rediyon mota ta wata tashar FM da babu kowa a kai, ko kuma allon Android ɗan Chana da masu gyaran wayarin mota ke ɗaura wa mutane.

A gaskiya ko a sababbin motocin ma kusan haka abin yake. CarPlay da Android Auto ba a cikin mota suke aiki ba. Wayarka ce ke sarrafa komai, da datarta da manhajojinta, motar ara mata allo da sifika da makirfo kawai take yi. Wanda ke zaune a cikin motar kanta shi ne Android Automotive, wanda aka fara gani a Polestar 2 a 2020, kuma irinsa ne General Motors ya koma wa lokacin da ya sanar a 2023 cewa zai cire CarPlay da Android Auto daga sababbin motocinsa masu lantarki. Wannan faɗan manya ne a kan wa zai mallaki bayanan direba da kuɗin rajistarsa. Abin da ya shafe mu shi ne, tunda waya ce ginshiƙi, matsalar ta riga ta iso Sabon Tasha da Narayi da Unguwar Romi tun kafin motocin zamanin su iso. Ba sai ka mallaki Benz ba kafin zauren hira ya shigo maka mota.

Zauren murya: ya mutu a can, yana raye a nan

Ga wanda bai bi labarin ba, zauren murya shi ne manhajar da mutane ke taruwa kai-tsaye suna magana da baki, wasu a kan dandamali, wasu na sauraro, mai son magana ya ɗaga hannu a ba shi makirfo. Clubhouse ce ta tayar da ƙurar a 2020, lokacin kullen korona, kuma sai a watan Mayun 2021 ta sauko kan Android. Nan take kowa ya kwaikwaya. Twitter ya buɗe Spaces, Facebook ya yi nasa, Spotify ya fito da Greenroom, Amazon ya ƙirƙiro Amp, Reddit ya kawo Reddit Talk. Kafin ƙarshen 2023 Spotify da Amazon da Reddit duk sun rufe nasu. Da aka buɗe gari, mutanen can suka koma ayyukansu, zaurukan suka zama kufai.

A wurinmu labarin daban ne, domin mu dama al'ummar kunne ce. BBC ta fara shirin Hausa a 1957. Gidan rediyon Kaduna da ya zama Rediyon Tarayya ya fara aiki a 1962, kuma da shi aka yi ta jin labarai da zaɓi-sonka da tafsirin azumi har ƙasashen maƙwabta. Shirye-shiryen kiran waya na tashoshin FM na yau zauren murya ne tun kafin a ƙirƙiro sunan. Da kaset ya zo muka ɗauki wa'azi da waƙa da hudubar coci a ciki, da memori ya zo muka koma kansa. Yanzu kuma saƙon murya na WhatsApp ne. Kamfanin ya ce a 2022 ana tura saƙon murya kimanin biliyan 7 a kowace rana a duniya, kuma kowa ya san ba mu ne na baya a wannan layin ba. Wanda rubutun boko ke ba shi wahala, da wanda yake sauri, da wanda yake ganin rubutu ba zai fitar da abin da ke ransa ba, duk danna makirfo suke yi.

Ka haɗa da Spaces na X inda matasan Arewa ke raba dare suna muhawarar siyasa da ƙwallo da aure, da zaurukan Telegram na karatu da na 'yan kirifto, da TikTok Live, da zauren murya da WhatsApp ya ƙara wa guruf-guruf a 2023. Duk waɗannan suna biyo mu cikin mota. Nan ne ya kamata mu tsaya mu bambance abu biyu da ake cakuɗawa.

Sauraro daban, amsawa daban

Idan kana jin rediyo ko karatun Alƙur'ani ko fodkas, kai ne mai iko da hankalinka. Babur ya faɗo maka ta hannun da ba nasa ba, kwakwalwarka za ta saki abin da kake ji ta koma titi, kuma babu wanda zai ji haushi. Jimla biyu sun wuce ka, shi ke nan.

Zauren murya ba haka aka gina shi ba. Ina faɗin wannan a matsayin wanda ya san yadda ake tsara irin waɗannan manhajoji: ma'aunin nasararsu shi ne yawan waɗanda suka tanka. Shi ya sa ake turo maka sanarwa cewa wane ya fara magana, an gayyace ka dandamali, an ambaci sunanka. Da zarar ka san layinka na zuwa, ka daina sauraro irin na rediyo, ka koma shirya amsa. Kana tsara hujja, kana tuna abin da wancan ya faɗa, kana jin zafin wanda ya zagi jam'iyyarku ko kulob ɗinku. Idonka a buɗe yake, yana kallon titin Kachia, amma kai kana wani wuri. Hausawa sun riga sun gama magana, taura biyu ba ta taunuwa.

Binciken masana ma haka ya nuna. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce direban da ke amfani da waya ya ninka wanda ba ya amfani da ita kusan sau huɗu wajen yiwuwar yin haɗari, kuma ta ƙara da cewa wayar da ba a riƙe da hannu ba ba ta fi ta hannu aminci sosai ba. A 2020 ƙungiyar IAM RoadSmart ta Birtaniya da cibiyar binciken sufuri ta TRL sun gwada direbobi a na'urar kwaikwayon tuƙi. Masu taɓa allon CarPlay saurin ɗaukar matakinsu ya ragu da kashi 57 cikin ɗari, masu taɓa na Android Auto da kashi 53. Da aka koma ba da umarni da murya, jinkirin ya kasance kashi 36 da kashi 30. Domin ka gane girman abin, rubuta saƙon tes a ma'aunin da suka kwatanta da shi kashi 35 ne. Wato muryar da ake tallata mana a matsayin mafita, tana kafaɗa da kafaɗa da abin da kowa ya yarda haɗari ne. A Jami'ar Utah ta Amurka kuma, binciken da David Strayer ya jagoranta a 2015 ya gano cewa bayan direba ya gama ba wa na'ura umarni da murya, hankalinsa na iya ɗaukar daƙiƙa 27 kafin ya dawo titi gaba ɗaya.

Mu mayar da wannan lissafin kan titunanmu. Motar da ke gudun kilomita 100 a awa tana cin kusan mita 28 a kowace daƙiƙa. Daƙiƙa biyar na neman maɓallin buɗe makirfo, ka shafe kusan mita 140, fiye da tsawon filin ƙwallo, a kan hanyar Abuja da tirela da tanka ke bi dare da rana. A cikin gari, a gudun kilomita 50, daƙiƙa uku mita 42 ne. A Kakuri ko kasuwar Sabo, mita 42 ya ƙunshi 'yan makaranta masu tsallaka titi, mai tura kura, mai Keke da ya tsaya ba sigina, da akuya. Waɗancan gwaje-gwajen an yi su ne da titin Turai a zuciya, mai layi da fitila da alamomi. Namu titin ya fi nasu neman hankalin direba nesa ba kusa ba.

Dokar ƙasa ma ba ta bar ƙofa ba. Amfani da waya yayin tuƙi laifi ne a jerin laifukan Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wato FRSC, a cikin gari kuma ga jami'an KASTLEA. Sai dai jami'i yana iya ganin waya a kunne, ba ya iya ganin direban da ke tafka muhawara ta sifikar mota gilashi a rufe. Wannan giɓin doka ba za ta iya cike shi ba.

"To ai da fasinja ma ana hira"

Wannan ce hujjar da aka fi kawo mini, kuma tana da ƙarfi. Direban motar haya daga Kaduna zuwa Kafanchan hira yake da na gaban mota tun daga tasha har sauka, an kuma daɗe ana haka. Me ya bambanta?

Bambancin shi ne fasinja yana cikin motar. Ransa ma yana kan layi. Yana ganin tirelar da kake shirin wucewa, sai ya yi shiru da kansa. Yana ganin rami sai ya ce "direba, a hankali". Masu binciken Utah ɗin sun gwada wannan ma, suka ga fasinja yana rage magana idan hanya ta rikice, har yana taya direba lura, alhali na cikin waya ci gaba yake da zuba. Mutanen da ke cikin Spaces ba su san kana kan gadar kogin Kaduna da yamma ba. Idan ka yi shiru, cewa za su yi "ba ma jin ka, ka buɗe makirfo".

Hujja ta biyu ita ce barci. Direban dogon zango zai ce hirar ce ke hana shi gyangyaɗi. Na yarda murya na taimaka wa wanda ya gaji da shiru, kuma sauraro ya isa ya yi wannan aikin. Amma idan barci ne na gaske, babu zauren da zai biya bashin. Maganinsa a faka a runtsa.

Hujja ta uku ita ce ta fi nauyi, kuma ta cancanci a zauna a kanta.

Labarin hanya da saƙon da ba shi da kwanan wata

Duk wanda ya bi hanyar Kaduna zuwa Abuja a shekarun da garkuwa da mutane ta yi ƙamari ya san darajar labari. Kafin a tashi sai an tambayi na gaba. Bayan harin jirgin ƙasa na ranar 28 ga Maris, 2022, da aka dakatar da jirgin na tsawon watanni, jama'a da dama sun koma titi ba don suna so ba, kuma guruf-guruf na direbobi da na unguwa su ne suka zama idonsu. Ba zan ce wa direba ya rufe kunnensa daga wannan ba. Saƙo ɗaya na iya tsare rai.

Sai dai saƙon murya yana da wani lahani na fasaha da ba a cika magana a kansa ba. Idan aka turo maka shi daga wani guruf, lokacin da za ka gani a jiki shi ne lokacin da aka turo maka, ba lokacin da aka ɗauke shi ba. Babu sunan mai magana, babu wurin da yake tsaye. Muryar wani da ke haki yana cewa an tare hanya a Gonin Gora tana iya zama ta yau, tana iya zama ta shekara uku da suka wuce. Rubutu ko hoto kana iya bincikarsa a Google, murya kuwa da wuya. WhatsApp ya san da matsalar yaɗa jita-jita, shi ya sa ya saka alamar saƙon da aka turo a 2018, ya taƙaita turawa zuwa wurare biyar a 2019, ya ƙara matse saƙon da ya yi yawo da yawa zuwa wuri ɗaya a 2020. Duk da haka alamar a kan allo take. Direban da ke ji ta sifika ba ya ganinta.

A gari irin namu wannan ba ƙaramin abu ba ne. Mun san abin da rikicin 2000 da na 2002 da na 2011 suka yi wa Kaduna, har kogi ya zama kamar iyaka tsakanin unguwanni. Kullum dubban mutane ke tsallaka gada, Musulmi da Kirista, daga Kawo zuwa Kakuri, daga Sabon Tasha zuwa babbar kasuwa, domin neman abinci. Tsohuwar murya ɗaya da aka sake sakewa tana iya sa direba ya yi kwana a tsakiyar titi da fasinja goma sha takwas, ko ya danna ya tura wa wasu guruf biyar yana tuƙi. Direba shi ne mutumin da ya fi kowa rashin damar tantance labari a wannan lokacin, kuma shi ne hukuncinsa ya fi shafar rayuka. Don haka ko a nan ma, aikin karɓa da tambaya da tantancewa na kwandasta ne ko na gaban mota. Direba a ba shi sakamako.

Na'urar ba ta jin yarenmu

Akwai kuma wata matsalar da masu tallar ba sa ambata. Duk tsarin "yi magana kawai" ya dogara ne da na'urar ta fahimce ka. Siri ba ta jin Hausa. Google ya yi ƙoƙari, ya saka Hausa a manhajar fassararsa tun 2013, a 2024 kuma ya ƙara ta cikin harsunan da ake iya bincike da rubutu da murya da su. Amma mu a kudancin Kaduna ba Hausa zalla muke yi ba. Jimla ɗaya za ka ji Hausa da Turanci da Pidgin, wani ya ɗora Gbagyi ko Jju ko Tyap a kai. Sannan ga ƙarar inji, ga gilashi a buɗe saboda ba a kunna AC tun da aka cire tallafin mai a 2023, ga hon ta ko'ina.

Ka ce wa na'ura ta kira maka "Baban Khalifa mai gyaran firij", ko ta kai ka Unguwar Pama, ka ji abin da za ta maimaita maka. Da ta kuskure sau biyu, me direba zai yi? Hannu zai kai kan allo. Ke nan a wurinmu umarnin murya sau da yawa hanya ce mai tsawo ta komawa ga taɓa allon da aka ce ana guje wa. Su kansu Turawan sun fara dawowa daga rakiyar allo: hukumar gwajin lafiyar motoci ta Euro NCAP ta ce daga 2026 motar da ke son cikakken maki sai ta tanadi maɓallai na zahiri ga abubuwa irin su sigina da hon da abin share gilashi.

Me ya kamata mu gina?

Kushe ba ya wadatarwa, don haka ga abin da nake ganin ya dace da titinmu, ga 'yan'uwana masu rubuta manhaja.

Na farko, yanayin direba ya zama na sauraro zalla. Android na iya gane cewa waya na cikin abin hawa mai tafiya, kuma tana iya gane ta haɗu da Bluetooth ɗin mota. Idan waɗannan biyun suka haɗu, manhaja ta kulle makirfo da maɓallin ɗaga hannu da na turawa, ta nuna wa sauran mutanen zauren cewa wane yana tuƙi. Wannan alamar kaɗai za ta cire kunyar yin shiru, wadda ita ce ke sa mutane amsawa. Fasinja kuwa ba shi ne ya haɗa wayarsa da mota ba, don haka nasa a buɗe yake.

Na biyu, a gina domin inda babu sabis. Mun gani a 2021, daga ƙarshen Satumba zuwa ƙarshen Nuwamba, lokacin da aka katse layukan sadarwa a wasu sassan jihar nan saboda tsaro. A shekarar ce kuma gwamnatin tarayya ta rufe Twitter daga Yuni har zuwa Janairun 2022. Ko babu wannan, akwai wuraren da sabis ke ɗaukewa a manyan hanyoyinmu. Manhajar da za ta sauke shirye-shirye da daddare, lokacin da data ke araha, ta jera su kafin a tashi da safe, ta fi mana wadda ke buƙatar kai-tsaye.

Na uku, a tausaya wa data. Sauti mai nauyin kilobit 128 a daƙiƙa yana cin kusan megabait 58 a awa. Maganar baki da aka matse da tsarin Opus a kilobit 16 tana fita tas, kuma kusan megabait 7 take ci a awa. Bayan ƙarin kuɗin kira da data na kashi 50 cikin ɗari da hukumar NCC ta amince da shi a farkon 2025, wannan bambancin kuɗin abinci ne ga direban Keke.

Na huɗu, duk rahoton hanya ya zo da lokaci da wuri a manne da shi, na'ura ta karanta su da baki kafin ta kunna saƙon, kuma ya goge kansa bayan awa ɗaya ko biyu. Waze ta daɗe tana yin irin wannan da rahoton cunkoso, inda rahoto ke ɓacewa idan babu wanda ya tabbatar da shi. Babu abin da zai hana a yi na Hausa tare da ƙungiyoyin direbobi na tashoshinmu, inda za a san wanda ya yi magana.

Na biyar, kada a jingina komai da na'urar kamfani guda. Spotify ya sayar da wata 'yar na'urar mota mai suna Car Thing a 2022, ya daina ƙera ta a shekarar, sannan a Disambar 2024 ya kashe ta gaba ɗaya a hannun waɗanda suka saya. Abin da zai yi aiki ta kebul ɗin aux da rediyon Golf shi ne zai daɗe a nan.

Sannan a kula da sirrin mutane. A 2023 gidauniyar Mozilla ta duba kamfanonin motoci 25, babu ko ɗaya da ya tsallake ma'auninta na kare bayanan mai mota. A garin da ake fargabar masu garkuwa, manhajar da ke tara bayanin inda mutum yake bi kullum da ƙarfe nawa, amana ce mai nauyi. Abin da ba ka buƙata, kada ka tara.

Kafin a gina, me za ka yi yau?

Ba sai ka jira mu ba. Ka zaɓi abin da za ka saurara tun kafin ka tayar da mota, ka jera shi, ka ajiye wayar. Ka kunna tsarin hana damuwa na tuƙi, yana cikin saitin iPhone da na mafi yawan wayoyin Android. Idan zauren da kake so ya zo daidai lokacin tafiyarka, ka shiga a mai sauraro, ko ka jira rikodin, tunda Spaces da yawa ana ajiye su. Idan kuma maganar ta ci ka har sai ka tanka, ka sami gefen titi ko gidan mai ka faka. Muhawarar ba za ta ƙare ba, gobe ma ana yi.

In kai ne fasinja, ka karɓi aikin. Ka riƙe wa direba waya, ka saurari saƙon, ka duba ko sabo ne, ka faɗa masa a taƙaice. Idan ka shiga motar haya ko Keke ka ga direba ya buɗe TikTok Live yana gaisawa da masu kallo, ka yi magana cikin ladabi: "Malam direba, don Allah a bari sai mun sauka." Kuɗinka ka biya, kuma ranka ne a ciki. Sau da yawa kowa a motar abin na damunsa, ana jiran wanda zai fara ne.

Motoci masu manyan alluna na nan tafe. Waɗanda ake sayarwa sababbi a Turai da Amurka yau su ne na hannun da za su cika titin Kachia nan da shekara goma, da duk manhajojin da aka cusa musu. Ɗabi'ar da muka saba da ita yanzu da ɗan Bluetooth na ramin caja, ita za mu ɗauka mu shiga da ita cikinsu. Gara mu saba tun yanzu: mai riƙe da sitiyari ya saurara, magana a bar wa wanda hannunsa da hankalinsa ke sake. Allah Ya tsare mana hanyoyinmu, Ya kai kowa gida lafiya.